Buhun da Aka Samu a Ɗakin Malam Dauda

Zuwa ga kakana, marigayi Alhaji Sule Mai Akoko, tsohon kansilan Gindin Dutse.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta jika ga kakanta, da fatan Allah Ya sa kana cikin sauƙi a makwancinka, ina rubuto maka ne daga Salford, wani gari da ke manne da Manchester. E, Manchester ɗin nan taka, wadda ka yi shekara arba'in kana kiran sunanta ba ka taɓa taka ta ba. Mancista kake cewa. Ni ce Uwani, 'yar ɗanka Habibu, wadda ta ci sunan mahaifiyarka. Ina da shekara goma sha biyu ka bar mu. Yanzu na cika arba'in, ina koyar da tarihi a wata jami'a a gida, kuma an turo ni nan ƙaro karatu.

Na san takarda ba ta isa kabari. A shafina na intanet zan sa ta, inda dangi da ɗalibaina da mutanen da ban taɓa gani ba za su karanta. Na daɗe ina tambayar kaina ko wannan tonon asirinka ne. Wataƙila shi ne. Amma ka yi haƙuri ka ji ni har ƙarshe.

Bari in fara da kai ɗin da na sani.

Na san ka a zaure, kan kujerar nan mai hannu, rediyo a gefenka, hoton Sarauniyar Ingila a bango ya kusa koɗewa. Baba ya taɓa cewa a sauke shi, ka ce sai bayan ranka. Ba ka taɓa kiran sunana ba saboda kunyar mahaifiyarka. Uwata kake ce mini, ko da na fasa maka kofin shayi. Kana kama bakin zanena ka murza tsakanin yatsu biyu, ka girgiza kai, ka ce, "Wannan atamfa ba ta Mancista ba ce, Uwata, an cuci Habibu." In an yi baƙi sai ka aike ni in ɗauko gwangwanin alewa da ke ƙarƙashin katifarka, ka fito da lambar girman da Gwamna ya rataya maka, ka bar ni in riƙe ta, ni kaɗai a duk jikokinka.

Labarinka kuwa mun haddace shi kamar karatun allo. Ka baro ƙauyenku na ƙasar Kano ba ka kai ashirin ba, da tabarma da buta, ka hau jirgin ƙasa zuwa Gindin Dutse lokacin da Turawa ke haƙar kuza. Ka sami aikin shara da awon yadi a kantin wani Bature da mutanen gari ke kira Mai Lofe. Ya ga amanarka, ya fara ba ka akoko da atamfa kana kaiwa kasuwannin ƙauye, har ka zama wakilin kamfani. Da aka yi babban yaƙi, ana tilasta wa mutane zuwa ramukan kuza, kai ke kai dawa sansanin leburori, kai ke hawa kan teburi a kasuwa kana kira a taimaki Sarkin Ingila. Bayan yaƙi Di'o ya sa ka a majalisar gari. Ka kawo famfo kasuwa, ka sa aka yi kwata, ka rufa wa masallacin Juma'a kwano. Kana yawan cewa, "Bature in ya ce ƙarfe takwas, ƙarfe takwas ne." Ranar da aka sauke tutar Turawa, an ce ba ka fita ba.

Duk wannan gaskiya ne, Kaka. Na bincika, famfon nan kai ka kawo shi.

Shi ya sa da Baffa Sani, autanka, ya kira ni bara ya ce iyali za su gina makaranta a filin da ke bayan gidanmu a sa mata sunanka, kuma ni za a ɗora wa rubuta ɗan littafin tarihinka tunda ni ce mai bokon tarihi, sai na ji kamar an naɗa mini rawani. Baba ya riga ya biyo ka shekara shida da suka wuce. Na ce wannan aikin nasa ne zan yi masa.

Yanzu sai in gabatar maka da wata mata, ko da yake ka riga ni saninta.

Sunanta Mama Rifkatu. Mun haɗu a Birmingham watana na biyu a ƙasar nan, a wajen wani bikin suna na 'yan Arewa. Ina rakuɓe kusa da hita ina rawar ɗari, ta ji Hausata ta tambaye ni garinmu. Na ce Gindin Dutse. Ta ce gidan wa? Na ce gidan Alhaji Sule Mai Akoko. Ta dube ni, ta ɗan jima tana dubana, sannan ta ce, "To, sannu da zuwa, 'yar gida." Ta cire mayafin ulu daga wuyanta ta naɗa mini.

Tsohuwar nas ce, ta yi ritaya, mijinta ya rasu. Tana zaune a unguwar Handsworth ta Birmingham, a irin jerin gidajen nan na jan bulo da suka jingina da juna, ita da 'yarta Hannatu. Kirista ce, daga mutanen kan dutse waɗanda ka tarar a garin. Daga ranar nan kusan kowane wata sai na hau bas na tafi wurinta. Takan yi mini gwaten acha. Saboda ni takan hau bas biyu zuwa Sparkbrook ta sayo naman yankan Musulmi, ga ciwon gwiwa. Ta sayi darduma ta ajiye mini a ɗakin sama, ta sa Hannatu ta nemo alƙibla a waya ta manna 'yar takarda a bango. Da zazzaɓi ya kwantar da ni cikin hunturu, kullum da safe sai ta kira ta ce, "Kin ga likita ko sai na zo da kaina?"

A falonta akwai hoton wani mutum siriri da kwat, yana tsaye gaban allo. Ta ce mahaifinta ne, Malam Dauda, ya yi koyarwa a makarantar mishan, daga baya ya koma ɗinki. Ban tambayi abin da ya raba malami da allo ba. Ni da ake biya don in yi tambaya.

Wata Lahadi bayan sun taso daga coci, gidan cike da baƙi, aka zauna cin abinci. Wani ya ambaci Gindin Dutse, ni kuwa na buɗe baki. Na fi rabin awa ina ba su labarinka: famfo, kwata, lambar girma. Har na ce, ina murmushi, kafin kakana ya zo wurin da gidanmu yake daji ne, shi ya sare shi. Wani dattijo ya ajiye cokalinsa. Mama ta miƙo mini kwano ta ce, "Ba daji ba ne, 'yata, gonar acha ce. Ƙara miya." Na yi dariya, na ƙara miyar. Ban ce gonar wa ba.

Bincikena a kan cinikin yadi ne tsakanin Manchester da ƙasarmu. A wani laburare a nan akwai kwalaye na takardun wani kamfanin yadi da ya daɗe da rufewa. Ranar wata Talata aka kawo mini kwali, na kwance wani ƙunshi, sai ga rubutunka. Na gane shi nan take, irin wanda ke bayan hotunanmu na gida, mai kwantawa dama kamar dawa bayan iska. Wasiƙunka ne zuwa ga Mai Lofe bayan ya yi ritaya ya dawo gida. Guda tara.

Kaka, sai da na toshe bakina don kada in yi guɗa a laburaren mutane. Na ɗauki hoton biyun farko na tura wa Baffa tun kafin in karanta sauran. Kana gaishe shi da Turancinka mai tsafta, kana kiransa ubangidana, kana tambayar lafiyar uwargidansa, kana gaya masa wace atamfa ce mata ke so bana.

A wasiƙa ta shida ka kawo maganar Malam Dauda.

Ka ce malamin nan na mishan da ke rubuta wa manoma takardun kuka kan gonakin da kamfanin kuza ya tone, wanda har ya fara cewa zai tsaya takarar kujerarka, an gama da shi. Ka ce 'yan sanda sun sami buhun kuzar sata a ƙarƙashin gadonsa, an ɗaure shi shekara uku, kuma kai ka tsaya gaban alƙali ka rantse ka ga yana saye. Sannan ka rubuta layin da har yau nake gani in na rufe ido: yadda buhun ya shiga ɗakin, kai da Allah kuka sani, kuma ka san ubangidanka ba zai tambaya ba. A ƙarshe ka yi masa albishir cewa gonar mutumin da ke bakin hanya hukuma ta ba ka, za ka gina kanti da gida. Ka rufe da cewa kai bawan Sarauniya ne mai biyayya.

A gidan nan aka haife ni. A tsakar gidan aka binne cibiyata.

Zan gaya maka abin da na yi, domin ba kai kaɗai na zo tuhuma ba. Na tashi na je na wanke fuskata. Na dawo na zauna. Sai na ga hannuna ya ɗauki takardar yana neman cusa ta cikin wani kwali dabam, na rasidan jigilar kaya, inda za ta ƙara shekara saba'in ba wanda ya gan ta. Abin da ya hana ni ba tsoron Allah ba ne. Ma'aikaciyar laburaren ce ta ɗago kai ta dube ni. Na mayar da takardar wurinta, na ɗauki hotonta, na fita. A cikin tiram, jirgin ƙasan cikin gari, har Salford ina ji kamar kowa ya san abin da ke cikin wayata.

Wata huɗu na yi ina ɓoyewa.

Mama ta kira, ban ɗauka ba. Na tura mata saƙo wai jami'a ta riƙe ni. Ta sake kira, na ce mura. A cikin watannin nan na zauna na rubuta wa Baffa littafinka, shafi ashirin da biyu, babu sunan Malam Dauda ko sau ɗaya. Na samo wa kaina hujjoji masu kyau. Na ce an umarce mu da ambaton alherin mamata. Na ce zamani ne, kowa ya yi abin da zai tsira. Na ce tsohuwa ce mai hawan jini, me zai ƙare ta da tono tsohon miki? Duk hujjar da na kawo, sai in ga ni take karewa, ba ita ba.

Azumi ya zo. Ranar uku ga wata ɗan aike ya buga ƙofar ɗakin da nake haya da kwali: dabino, acha, da kuli-kuli, da 'yar takarda da rubutunta mai rawa, wai a sha ruwa lafiya, in karatu ya yi sauƙi a leƙo tsohuwa. Na sha ruwa da dabinon nan, Kaka. Na ci shi har ya ƙare. Ban san abin da zan ce wa Allah game da wannan azumin ba.

Bayan Salla Hannatu ta kira ni, da Turancinta na 'yan Birmingham. Ta ce Mama ta faɗi a matakala ta karya ƙugu, an yi mata aiki, an sallamo ta, kuma tana ta tambaya ko wani abu ta yi mini. Wannan kalmar ce ta tashe ni. Ita ke tambaya ko ta yi mini laifi.

Washegari na hau bas ɗin safe. Na tarar an sauko mata da gado falo, ƙarƙashin hoton mahaifinta. Ta rame. Da ta gan ni ta ce, "Ga 'yar gudun hijira ta dawo," ta fara kiran Hannatu ta ɗora ruwan shayi. Na ce Mama a bar shayin. Na durƙusa a gaban gadon, na fito da wayar, na ce akwai abin da zan karanta mata, in ta ji ta kore ni ba zan ga laifinta ba.

Na karanta da Turancinka, yadda ka rubuta. Ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta fara magana kamar mai ba da labarin wani gida.

Ta ce tana da shekara bakwai. Da safe ne, ana shirin makaranta. Ta ga an jawo buhun daga ƙarƙashin gadon da take ɓoye 'yar tsanarta, ta kuwa san jiya da yamma babu shi a wurin, amma wa zai tambayi yarinya? Ta ce daga ranar sunansu ya koma 'ya'yan ɓarawon kuza, a rijiya, a makaranta, har a coci, inda aka cire mahaifinta daga cikin dattawa. Ya fito kurkuku da tarin da bai rabu da shi ba, ba wanda zai ba ɓarawo aji, sai ya ari keken ɗinki.

Ta gaya mini abin da ba ka taɓa gaya mana ba: shi ya koya maka rubutun Turanci. A kan benci, a ƙofar gidansu, bayan la'asar, lokacin kana yaron kanti. Mahaifiyarta na ajiye maka abinci a kwano na dabam. Ashe rubutun nan mai kwantawa dama da muke alfahari da shi, hannunsa ne ka gada.

Ta ce kowace Kirsimeti kana aiko musu da turmin atamfa, shi kuma yana mayar maka ba a kwance ba, shekara da shekaru, ba ka fasa aikowa ba, bai fasa mayarwa ba. Ranar jana'izarsa ka zo ka tsaya a tsallaken hanya ƙarƙashin mangwaro, ba ka matso ba, ba wanda ya ce maka sannu, har aka rufe shi ka juya.

Na ce, "Mama, kin san ko ni wace ce tun ranar farko."

Ta ce, "Na sani. Goshinsa kika ɗebo."

Na ce to me ya sa ta karɓe ni? Ta ce, "Yarinya daga garinmu tana rawar ɗari da rigar da ba ta isa komai ba. Me kike so in yi?"

Na fashe da kuka, ina jin kamar an sauke mini kaya. Sai ta yi tambayar da nake gudu. Ta ce yaushe na ga takardar? Na so in ce kwanan nan. Na ce wata huɗu.

Ta juyo da kanta a kan matashi ta dube ni sosai. Ta ce, "Abin da kakanki ya yi, ba ke kika yi ba, ban taɓa ɗora miki ba. Amma wata huɗun nan naki ne, Uwani. Shekarata saba'in da bakwai. Da na mutu a matakalar can fa? Da na tafi ban ji ba, kina riƙe da shi a waya?"

Ba ta kore ni ba. Ta ce Hannatu ta kawo shayin, muka sha. Da zan tafi ta ce ba ta son a rushe gida, ba ta son fili, jikokinta ko sunan garin ba su iya faɗa daidai ba. Abu biyu take so. Na farko, a faɗa da Hausa a bainar jama'a, tunda a bainar jama'a aka kira shi ɓarawo. Na biyu, in dawo ranar Lahadi in karanta wa yayanta Bitrus ta waya, shi da bai taɓa barin Gindin Dutse ba.

Kafin Lahadin na kira Baffa Sani na gaya masa komai, na ce littafin da na tura masa kada a buga. Ya yi ta faɗa. Ya ce an tura ni Turai na koyo zagin iyaye. Ya ce wa ya san ko takardar ta jabu ce? Da na ce rubutunka ne, kuma shi da kansa ya yi kukan murna da ganin biyun farko, sai muryarsa ta sauka. Ya ce, "Uwani, ke kina can. Mu ne a nan. Garin nan an sha zubar da jini a kan wa ya riga wa zama. Kina so ki miƙa wa mutane ashana?"

Ban raina maganarsa ba, Kaka, domin yana da gaskiyarsa. Na kwana biyu ina juya ta. Amma na ga cewa mutanen can sun san labarin gonar tun kafin a haife ni. Mu ne kaɗai ba mu sani ba, ko muka ƙi sani. Shekara saba'in suna wucewa ta ƙofar gidanmu suna gaishe mu. In akwai ashana, ba su suka rasa ta ba. Na gaya wa Baffa haka. Ya kashe wayar. Har yanzu bai sake kirana ba, sai matarsa ce ta turo mini saƙo cewa ya daina cin abinci sosai, kuma ya sa an dakatar da rubuta allon sunan makarantar.

Ranar Lahadi na koma Handsworth. Na kwana biyu ina mayar da wasiƙarka Hausa, ina neman kalmar da za ta rage mata kaifi, ina kama kaina, ina gogewa. Hannatu ta kira lambar ta ajiye wayar a kan bargon Mama. Baba Bitrus ya haura tamanin, idonsa ya tafi, amma muryarsa garau. Ina jin kukan kaji a bayansa, da wata mata tana daka. Mama ta gaishe shi da yarensu, sannan ta koma Hausa ta ce ga jikar Alhaji Sule tana da saƙo.

Na gaishe shi, ya amsa da mutunci, har ya tambayi sanyi. Na karanta. Na zo ƙarshe. Na ji dakan ya tsaya.

Sai ya ce, "'Yata, sake karanta mini wurin buhun."

Na sake. Ya ce in ƙara. Na karanta sau uku.

Sannan ya ce, a hankali, ba da ni yake ba, da ƙanwarsa yake: "Rifkatu, na yi dambe a kan maganar nan har aka cire mini haƙori. Duk wanda ya ce Baba ɓarawo ne sai na kai shi ƙasa. Amma ni ɗin nan, a cikin raina, ban taɓa tabbata ba. Har na binne shi ban tabbata ba." Muryarsa ta karye. Mama ta rufe fuskarta da bakin zane. Hannatu, wadda Hausarta ba ta da yawa, ta tsaya a bakin ƙofa tana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya.

Wannan ne abin da ka ɗauke musu, Kaka, kuma babu shi a cikin wasiƙarka. Gona ƙasa ce, kurkuku shekara uku ne. Amma ka sa ɗa ya yi shakkar ubansa har tsufa.

Da ya natsu, na yi ƙarfin hali. Na ce Baba, a addininmu haƙƙin mutum ba ya sauka sai mai shi ya yafe, ina roƙa wa kakana gafara. Ya ce, "Nawa kason na yafe, don kada in tafi da kaya. Ke ma na gode miki, kin yi abin da manya suka kasa. Amma kason Baba ba ni da ikonsa. Su biyun suna can, gaban Wanda ya ga komai. Sai su ƙarata." Mama ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ni kuma ban tambaye ta ba, don na ga ba ni da bakin.

To ga shi na faɗa, da Hausa, a gaban jama'a: Malam Dauda na Gindin Dutse bai saci kuza ba. Kakana ne ya sa aka ajiye buhun, ya rantse a kan ƙarya, ya karɓi gonar. Duk wanda kakansa ya taɓa kiran mutanen gidan nan da wancan sunan, ya ji.

Kaka, kada ka zaci na daina sonka. Na gwada, abin ya ƙi. Da mugu ne kai tsantsa da na huta. Amma na san hannunka a kan goshina ranar da ƙyanda ta kama ni, ka kwana uku ba ka je kasuwa ba. Ban san yadda zan haɗa wannan hannun da wanda ya riƙe alƙalamin ba, kuma na daina ƙoƙarin haɗawa. Ina dai tunanin ka san abin da ka yi, ka ɗauke shi kai kaɗai har kabari, kana da baki ba ka iya buɗe shi ba. Na san nauyin, don na ɗanɗana na wata huɗu, na kuwa ga yadda yake da sauƙi mutum ya mayar da shi shekara arba'in.

Ya Allah, ga bawanka Sule ɗan Amina. Ka san abin da ya gina, Ka san abin da ya rusa. Ka gafarta masa abin da ke tsakaninka da shi. Abin da ke tsakaninsa da Malam Dauda kuwa, Kai ne mai adalci, Kai ne mai rahama: Ka biya wanda aka zalunta daga taskarka har ya yarda, Ka sassauta wa kakana hisabi. Ka ba Mama Rifkatu lafiya ta sake taka ƙafarta. Ka sanyaya zuciyar Baba Bitrus, Ka sanyaya ta Baffa Sani, Ka zaunar da garinmu lafiya. Ni kuma Ka yafe mini shiruna, kada Ka sake barina da gaskiyar wani a hannuna in kwana da ita. Amin.

Ka huta, Kaka. Jibi zan koma Birmingham, za a fara koya wa Mama tafiya da sanda, ta ce in zo in riƙe mata ɗaya hannun.

Wassalam.

Jikarka,
Uwani Habibu Sule,
Salford.